TARAKTAR GADO: A TASHE TA KO A KIRA 'YAN GWANGWAN?

Rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

 

Yau ba siyasa za mu yi ba, ƙarfe za mu taɓa. Duk wanda ke bin hanyar Kano zuwa Katsina ya ratsa Kankiya, ko ya saki titi ya nufi ƙauyukan Kusada, ya san abin da nake nufi. Tarakta ce, wadda wasunmu ke kira tantan, a ƙofar gida ko a bayan rumbu. Tayoyi sun sace, sun nutse a ƙasa, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, yara sun mai da sitiyarin abin wasa. In ka tambaya, amsar kusan ɗaya ce: "Ai ta marigayi ce. Tun da ya rasu ba ta sake tashi ba."

Abin da nake so mu tafi da shi yau shi ne: yawancin taraktocin nan ba tsufa ne ya kashe su ba. Ranar da mai ita ya rasu ta zama ta kowa, abin kowa kuwa ba wanda ke zuba masa baƙin mai.

DAGA INA SUKA ZO?

Bari mu ɗan koma baya, don matashi ya san abin da ke ajiye a ƙofar gidansu. A tsakiyar shekarun 1970 aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya. A 1976 gwamnatin Obasanjo ta kawo Operation Feed the Nation, a 1980 ta Shagari ta kawo Green Revolution. A wancan zamanin har harhaɗa tarakta ake yi a Arewa: Steyr a Bauchi, Fiat a Kano. Gwamnatoci suka buɗe sassan bayar da hayar tarakta, manyan manoma da 'yan kasuwa suka sayi nasu, wasu kuma suka samu daga baya lokacin da aka yi gwanjon na gwamnati. Sai 1986 ta zo da SAP, naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tsada. Lokacin da aka ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987, riƙe tarakta ya riga ya zama aikin mai haƙuri.

Ma'ana, duk taraktar da ta kai yau tana da rai, akwai wani dattijo da ya yi shekaru yana tattalinta. Ya san kukan injinta, ya san bakanikenta, ya san inda ake samun kayanta. Matsalar ita ce duk wannan ilmin a kansa yake, da shi kuma aka binne.

TSOHON ƘARFE BA SHARA BA NE

Wani zai ce, "Kai malam, abin da ya girmi babban yayanmu, me za a yi da shi?" To saurara.

Ɗauki Massey Ferguson 135, 'yar ƙaramar jar nan. An ƙera ta daga 1964 zuwa 1975, injin Perkins gare ta mai silinda 3, ƙarfin doki wajen 45. Ko babbar yayarta a aiki, 375, mai ƙarfin doki 75. Har gobe kamfanin Millat na Pakistan da TAFE na Indiya suna ƙera taraktocin Massey Ferguson a kan tsohon tsari, shi ya sa kayan injin Perkins ba su yanke a kasuwa ba. In ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna da lambar injinka a hannu, da wuya ka dawo haka nan. Steyr ce dai kayanta suka fi wuyar samu, wannan a sani tun farko.

Sannan babu kwamfuta a jikinta. Kada ku raina wannan. A Amurka manoma sun yi shekaru suna rigima da kamfanin John Deere, saboda sababbin taraktocinsa in suka lalace sai an haɗa su da manhajar kamfani kafin a gyara. Sai a Janairun 2023 kamfanin ya sa hannu a yarjejeniya da babbar ƙungiyar manoman ƙasar cewa zai ba su damar gyara da kansu, a shekarar kuma Jihar Kolorado ta yi doka a kan haka. Manoma da dama a can tsofaffin taraktoci suke nema da kuɗinsu, don su ne mutum zai buɗe da sufana ya gyara. Abin da suke nema ke nan, mu kuma ga shi kaji na kwana a ƙarƙashinsa.

Ku haɗa da halin da muke ciki. Sabuwar tarakta yau maganar miliyoyi masu yawa ce, ba ta ɗan ƙaramin manomi ba. Shanun huɗa kuma, da su ne rufin asirin talaka, satar shanu ta sa mutane da yawa a jiharmu suna tsoron ajiye su. Damina a wajenmu gajera ce. In ruwan shuka ya sauka a Yuni, kowa a mako ɗaya yake neman haro da huɗa, wanda ya makara ya makara. Tarakta ɗaya mai lafiya a gari, ba gidan masu ita kaɗai take ceto ba.

KAFIN BAKANIKE, A FARA DA MALAMI

Nan ne gizo ke saƙar. Gona ana iya auna ta da igiya a raba. Tarakta fa? Ba za a ba wannan taya, wancan inji ba. Sai a ce, "A bar ta dai tukuna." Wannan "tukuna" ita ce ke kashe ta.

Ga yadda abin ke tafiya. Babban wa ya karɓi makulli. Damina ta farko ta yi aiki, kuɗi suka shigo, ba wanda ya rubuta. Damina ta biyu famfon mai ya lalace. Ya ce a kawo gudummawa, ƙannen suka ce, "Lokacin da take kawo kuɗi ka kira mu?" Shi ke nan, aka jingine ta. Bayan shekara biyu wani ya cire batir, wani ya ari taya ɗaya, garma ta tafi aro ba ta dawo ba. Ƙarshe mai gwangwan ya zo ya saya da kilo. 'Yan'uwa mata kuwa, da ke gidajen aurensu, galibi sai dai su ji labari.

Jama'a, wannan ba maganar inji kaɗai ba ce, maganar haƙƙi ce. Tarakta dukiyar gado ce kamar gida da gona. Bari in ba da misali mai sauƙi. Mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar mata 1, 'ya'ya maza 2, mata 3. Matar tana da tumuni, wato kashi 1 cikin 8. Ragowar 7, kowane namiji 2, kowace mace 1. Ka ga Inna da 'yan'uwa mata sun tashi da kashi 4 cikin 8, rabin taraktar cif. To wanda ya riƙe makulli yana cin kuɗin haya shi kaɗai, dukiyar wa yake ci? In akwai marayu ƙanana a ciki, abin ya fi haka nauyi. Misali ne kawai na bayar, kowane gida da yadda magadansa suke, a je wa malamin da ya san ilmin gado.

Abu huɗu nake ba da shawara.

Na ɗaya, a yi mata kuɗi. A kira bakaniken tarakta da dillalin da ya san kasuwarta, su faɗi darajarta yadda take a yau, haɗe da garma, haro, rija da tirela in akwai. A rubuta rabon kowa, a sa hannu gaban shaidu. Wanda ya ce a ba shi nasa, haƙƙinsa ne, kada a yi masa kallon mai raba zumunci. Sauran su saye rabonsa, ko da biya kaɗan-kaɗan ne in ya yarda.

Na biyu, mutum ɗaya ne zai riƙe ta, kuma da lada. Ba dole sai babba ba. Wanda ke zaune a gari, mai amana, mai son aikin. A yanka masa kasonsa na wahala a fili, don aikin "saboda Allah da zumunci" shi ke sa mutum ya fara biyan kansa a ɓoye.

Na uku, littafi. Littafin makaranta ma ya isa, ko a waya. Kwanan wata, gonar da aka yi wa aiki, awa nawa, gas lita nawa, nawa aka karɓa, nawa ake bin bashi. Duk wata a ɗauki hotonsa a tura zauren WhatsApp na gida, har da 'yan'uwa mata. Gonar 'yan gida ma a rubuta, kowa ya sayi gas ɗinsa.

Na huɗu, asusun gyara. Kafin kowa ya taɓa riba, a cire kason tarakta. Ni ina ganin kada ya gaza kashi 1 cikin 4 na abin da ya rage bayan gas da kuɗin direba. Kuɗin nan ba na biki ba ne, ba na suna ba. Ranar da kuloci ya ƙone a tsakiyar Yuli, shi zai hana a koma zaman "kawo gudummawa".

Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

IN TA DAƊE A AJIYE, KADA A YI GARAJE

Yanzu mu zo kan ƙarfen. Kuskuren da aka fi yi shi ne a aro batir, ko a tara matasa su tura ta, don a ji ko za ta tashi. Kada ku yi. Injin da ya shekara uku a tsaye, ba ka san abin da ke cikinsa ba.

Bakanike ya fara juya injin da hannu, ya ji ko ya cije. A zubar da tsohon baƙin mai, a duba shi. In ya koma kamar madara, ruwa ya shiga. A wanke tankin gas, a canza filtocinsa, a fitar da iska daga layin. A duba man giya, wanda a Massey Ferguson shi ne kuma na ɗaga garma. Ruwan sama yakan bi ta robar sandar giya in ta yage, ya gauraye da shi. A leƙa salansa da bututun iska, don ɓera da zanzaro suna son wurin. A bi wayoyi, ɓera ba ya barinsu. Bayan duk wannan ne za a sa makulli.

Kuma a nemo lambar jikinta da ta injin a rubuta a shafin farko na littafin. Da ita ake sayen kayan da suka dace, ba da "irin ta gidan su wane" ba.

ABOKAN GABA UKU: ƘURA, GURƁATACCEN GAS, ZAFI

Ƙura. Ƙasarmu jigawa ce, ga hunturu, ga haro a busasshiyar gona. Yashin da ya wuce cikin inji kamar sanfefa yake ga ringi da silinda. Tsofaffin taraktoci da yawa filtar iskarsu mai kwanon mai ce a ƙasa. A lokacin aiki kullum da safe a kwance kwanon, in laka ta taru a wanke, a zuba sabon mai daidai layin. Minti 10 ne, amma shi ke raba injin da zai ƙara shekara 10 da wanda za a sauke baɗi.

Gas. Tun da litar gas ta haura naira 1,000 a 2023, kowa araha yake nema, sai a faɗa wa na jarka wanda aka gauraya da kananzir ko ruwa ya shiga. Ku sani, famfon mai na waɗannan injina gas ɗin da kansa ne ke sa masa santsi. Ka ba shi kananzir, ka bar shi yana gugar kansa a bushe. Famfo da nozul kuwa suna cikin mafi tsadar kayanta. A saya a gidan mai da aka yarda da shi, a bar shi ya kwanta a duro, a tace kafin a zuba. Ƙaramin kofin gilashin nan da ke ƙasan filta, in ka ga ruwa ya kwanta a gindinsa, zubar. Kada kuma a bari tanki ya ƙafe ƙaf, don iska za ta shiga layi.

Zafi. Ƙaiƙayi da ciyawa suna toshe fuskar lagireto, a riƙa share ta. A duba fambel kada ya saki. A zuba ruwa mai tsabta, ba na kududdufi ba. In ta yi zafi, kada a buɗe murfin nan take, kada kuma a kwara mata ruwan sanyi, kan inji na iya tsagewa, fuskar mutum ma na iya salewa.

Baƙin mai kuwa, yawancin littattafan irin waɗannan injina tsakanin awa 200 zuwa 250 suke cewa a canza, tare da filtarsa. A ƙurarmu gara a rage. Agogon awa na mafi yawansu ya mutu tuntuni, ka ga wani amfanin littafi ke nan. Ƙara mai a kan tsoho ba canji ba ne. Filtar jabu kuma, araha ce ba ta ado. Giris ma kada a manta: gatarin gaba, gaɓoɓin sitiyari, da faya-fayan haro.

Ku koyi karanta hayaƙi. Baƙi, ko iska ba ta isa, ko nozul, ko an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Shuɗi, tana ƙona baƙin mai. Fari da bai ɗauke ba bayan ta yi ɗumi, ko gas ba ya ƙonewa daidai ko ruwa na shiga. Tarakta ba ta mutuwar farat ɗaya, sai ta yi ta ba da sanarwa.

Da an gama aikin kaka, a wanke ta, a sa ta a inuwa ko da rumfar kara ce, a rufe bakin salansa da gwangwani, a cire kan batir. Lokaci-lokaci a tashe ta har ta yi zafi sosai. Babban gyara a yi shi da rani, lokacin da kanikawa ba su da layi. Wanda ya bari sai hadari ya haɗo, zai biya kuɗin gaggawa, ya kuma rasa makon da ake samun kuɗi.

Rani ma ba lokacin barcinta ba ne in akwai tirela. Kai taki gona da bazara, ɗaukar yashi da bulo, kwaso dawa da gero da gyaɗa, ko juya injin sussuka. Amma duk awar da ta yi, a rubuta.

RAI YA FI ƘARFE

Wannan don Allah ku saurara da kyau. Tsofaffin taraktocin nan ba su da ƙarfen kariya a saman direba. In ta kife, a kansa take kifewa.

Kujera ɗaya gare ta, mutum ɗaya aka yi wa. Yaran da ake ɗorawa a kan murfin taya don sha'awa, gargada ɗaya ta isa. In za a ja kututture ko motar da ta kafe, a ɗaura a ƙarfen ja na ƙasa. Aka ɗaura a sama da gatarin baya, gabanta ke ɗagawa ta juyo da baya cikin ƙiftawar ido. Birkinta biyu ne, hagu da dama, in za a hau titi a haɗe su da sakatarsu. Sandar bayan nan mai juyawa da ke tuƙa injin sussuka, ba a matsarta da babbar riga ko rawani ko gyale. Sannan hanyar Kano zuwa Katsina da dare, da tirela ba fitila, ba abin da ke haskawa a baya, wannan ganganci ne da ranka da na wasu.

Direba kuma a nemi wanda ya koya a hannun gwani, ba wanda ya iya mota kawai ba. Wanda ke ɗora ƙafa a kan kuloci yana tafe, kuɗin asusunku yake ƙonawa.

YAUSHE ZA A HAƘURA?

Ban ce kowace tarakta sai an tashe ta ba. Son marigayi daban, lissafi daban. In gangar injin ta tsage, giya ta tafi, tayoyin baya duka sun mutu, kuma kuɗin gyara ya doshi kuɗin wata mai tafiya, a haƙura. In babu ko mutum ɗaya a gidan da zai tsaya mata, nan ma a haƙura. Riƙe ta tana ruɓewa ba girmama Baba ba ne, tauye rabon magada ne.

Sai dai ko sayarwar da iyawa. Mai gwangwan nauyi yake saye. Bakaniken tarakta ko manomi mai irinta amfani yake saye: famfo, gatari, rim, garma, kowanne da kuɗinsa. A tambayi mutum uku kafin a sallama, kuma kuɗin ya bi rabon gado.

GARE MU MATASA

Kullum muna cewa babu aiki, kuma gaskiya ne aikin ofis ya yi ƙaranci. Amma a Kankiya da Kusada da Ingawa, ƙwararrun kanikawan tarakta da muka taso muka gani tsufa suke yi. Mu nawa ne ke zaune a gabansu muna koyo? Kai da ka yi digiri ko difloma, kana iya karanta littafin inji, kana iya neman lambar kaya a intanet, kana iya riƙe lissafi. Shi yana da kunne da hannu na shekara 30. In aka haɗa biyun, sana'a ce. Kamfanin Hello Tractor da aka kafa a 2014, a Najeriya ya fara, kuma tushen aikinsa haɗa mai tarakta da manomin da ke buƙata ta waya. Kai ma a matakin ƙauyenku kana iya tara sunayen manoma tun watan Afrilu, ka jera gonakin da ke kusa da juna a rana ɗaya, a daina ƙona gas a hanya.

Ga aikin gida na wannan mako. In akwai irin wannan tarakta a gidanku, kada ka fara da kiran bakanike. Je ka gaida Inna, ka tambaye ta ina takardun taraktar suke. Ka rubuto lambar injin. Sannan ka kira yayyenka da ƙannenka, maza da mata, ka ce, "Ina so mu zauna kan taraktar Baba kafin ruwa ya sauka." In zaman ya yi nauyi, a sa Kawu ko Baffa a tsakiya.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari, Ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya a jiharmu. Wanda ya karanta, ya tura wa ɗan'uwansa da makullin ke hannunsa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.